Tafiya da rubutu kullum a Yamai: yadda za ka riƙe su daga hunturu har damana

Yawancin masu ɗaura niyyar motsa jiki a Yamai cikin Disamba ko Janairu suke ɗaura ta. Gari ya yi sanyi, ana ta kokowar Takobi a rediyo da talabijin, jinin kowa ya motsa, sai mutum ya shiga Katako ya sayo takalmi ya ce daga gobe kullum sai ya zaga filin wasa. Mai son rubutu ma haka: sabuwar shekara, sabon kaye, sabon bik. Kafin Maris ya raba, takalmin na ƙarƙashin gado, kayen kuma yara sun fara yagar bayansa. In ka tambaya, amsar ɗaya ce: zafi.

Ni dai ban cika ɗora laifin a kan lalaci ba. Shirin ne aka yanka daidai da wata biyu na sanyi, alhali shekarar garin nan kala huɗu ce, kowace da irin fitinarta. Wanda ke son tafiya da rubutu su zame masa jiki, sai ya shirya wa kowane lokaci nasa tun bai zo ba, ya kuma bar abu biyu kawai da ba sa canzawa: inda ya rataya aikin, da ɗan abin da ba zai kwana bai yi ba.

Da farko, ka san shekarar da kake ciki

Ruwan da Yamai ke samu a shekara bai cika wuce milimita 500 zuwa 600 ba, kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba, Agusta ne kuma uban tafiya. A Afrilu da Mayu zafin rana kan kai digiri 40 zuwa 41, wasu ranaku ya tasam ma 45. Amma abin da ke karya mai motsa jiki shi ne zafin dare. Cikin Mayu ko da asuba ma'auni ba ya cika sauka ƙasa da 27, bango da kwano sun sha rana sun riƙe, mutum ya kwana yana juyi, ya tashi a gajiye tun bai taka ko'ina ba. A Janairu kuwa asuba na saukowa wajen 16, ga hazo ga iska. Sai agazari a Oktoba, lokacin da ruwa ya ɗauke, zafi ya komo da gumi, sauro kuma bai tafi ba.

Akwai wani abu da ba a cika lura da shi ba. Nijar duka agogo ɗaya take bi, Yamai kuwa tana can yamma, saboda haka rana na makara a nan. A Janairu ba ta fitowa sai wajen 7:20, a ƙarshen Mayu kuwa wajen 6:25 ta leƙo. Bambancin ya kusa awa guda. Mutanen Tawa su rage kamar minti 12 a kan wannan. Ma'ana, wanda ya ce “ƙarfe shida da rabi nake fita” a Janairu cikin duhu da ɗari zai fita, a Mayu kuwa ya riga ya yi asarar lokacin da ya fi kowane sauƙi. Zafi mafi tsanani kuma ba da tsakar rana yake ba, tsakanin ƙarfe uku da huɗu na yamma ne.

Na biyu, ka rataya aikin a kan salla

Agogo bai san bazara ba, amma ladan ya sani. Sallar asuba tana bin rana, tana matsawa da kanta kullum, kuma duk shekara tana faɗowa dab da lokacin da gari ya fi sanyi. Ga shi kuma abu ne da ka riga ka saba tashi dominsa, ba sai ka koya wa jiki sabuwar farkawa ba. To ka ɗaura tafiyarka a bayanta, ka faɗe ta a fili yadda ba ta da wurin zillewa: “In na sallame asuba na gama azkar, zan sa takalmi in fita.” Wani masanin halayyar ɗan Adam, Peter Gollwitzer, ya yi rubutu a 1999 kan irin wannan niyya mai cewa “in kaza ya faru zan yi kaza”, ya nuna ta fi cika a kan niyyar “zan riƙa yi” wadda ba ta da lokaci ba ta da wuri.

Wurin da ake faɗuwa shi ne tsakanin masallaci da ɗaki. Duk wanda ya ce bari in ɗan miƙe minti biyar, sai dai hantsi ya tashe shi. Ka ajiye takalmin a zaure tun da dare, da safa a ciki, da gorar ruwa a gefe. Ban ce ka tafi da shi masallaci ba, ka san halin ƙofar masallaci da sabon takalmi.

Wanda safiyarsa ba tasa ba ce, kamar mai gadi da ya kwana a bakin aiki, ko uwar da ke haɗa yara zuwa lakwal, ko wanda ba musulmi ba, sai ya nemi wani abin da ba ya fashi a ranarsa: dawowa daga raka yara, rufe shago, kammala wanke-wanken dare. Sharaɗin dai ya zama abin da ke faruwa ko ka so ko ka ƙi.

Na uku, ka yanka kaso uku tun kana cikin daɗi

Wannan shi ne ƙashin bayan shirin, shi ya sa zan daɗe a kansa.

Kaso na farko shi ne cikakke: tafiya mai sauri ta minti 30, da rubutu shafi ɗaya na kaye. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2020, ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani, ya ƙara da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu. Minti 30 sau biyar ya kai ka 150. Matsakaici kuwa ga yadda za ka gane shi: kana iya magana da na kusa da kai, amma ba ka iya rera waƙa. Wajen taku 100 ke nan a minti.

Na biyu rabi ne: minti 15 da rabin shafi. Na ranar da ka makara, ko ka yi baƙi, ko ana suna a maƙwabta.

Na uku shi ne na ranar wuya, kuma ya kamata ya yi ƙanƙantar da za ka ji kunyar cewa ka kasa. Tsugunna-tashi goma, turin bango goma, zaga tsakar gida na minti uku, sannan layi uku a kaye. Duka bai wuce minti bakwai ba. Wannan ba zai rage maka tumbi ba, ba kuma zai haifar da littafi ba. Aikinsa ɗaya: kada igiyar ta tsinke. Abin kamar adashi ne, uwar adashi ba ta tambayar ko kasuwa ta yi kyau yau, zubi take karɓa, kuma mai zubin ɗari-ɗari da ba ya fashi ya fi mai alkawarin jaka goma da ba a ganinsa.

Ka rubuta kason ukun a shafin farko na kayenka yau, kana da ƙarfi, kana da hankalinka. Dalili kuwa, ranar da aka kwana babu wuta, ka tashi kanka na sarawa, ba ranar yanke shawara ba ce. In ka bar wa wannan safiyar ta zaɓa maka, katifa za ta zaɓa. In kuwa an riga an rubuta, tambayar da ta rage ita ce “yau wane kaso?”, ba “in yi ko in bari?” ba.

Kada kuma ka yi wa kanka wayo ta ɗaya gefen. Ranar da jiki ya yi daɗi za ka so ka yi awa biyu ka cika shafi biyar. A makonnin farko ka hana kanka. Ciwon gwiwa da ƙosawa duk daga nan suke farawa.

Na huɗu, ka haɗa su wuri ɗaya: ƙafa tukuna, sannan bik

Kada ka ajiye tafiya da safe rubutu da dare. Niyya biyu ke nan, kowace da ƙofar faɗuwarta. Ka dawo, ka watsa ruwa, ka zauna ka rubuta kafin ka buɗe WhatsApp. Riba biyu ce: jini ya zaga, kai ya washe, kuma hanya ta riga ta ba ka abin rubutawa.

Ina za ka bi? Mutane da yawa na taruwa da safe da yamma a kewayen filin wasa na Janar Seyni Kountché, kuma ganin wasu na yi yana ƙara ƙarfin gwiwa. Hanyar bakin kogi ta Yantala da ta Gamkalle na da iska da lambuna. Gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, tsawonta mita 710, zuwa da dawowa ka kusa kilomita ɗaya da rabi, sai dai da gari ya waye motoci da babura da ɗaliban jami'ar Abdou Moumouni sun cika ta, hayaƙin ba na shaƙa ba ne. Duk da haka, a ganina hanyar da ta fi ita ce wadda ke farawa daga ƙofar gidanka. Duk tafiyar da sai ka hau babur ko ka biya taksi kafin ka fara ta, ranar da babu mai ko babu canji ta mutu. Ka fita daga gida, ka yi minti 15, ka ga inda ka kai, ka sa masa alama: wani kanti, wata bishiyar dogon yaro, wani famfo. Gobe nan ne iyakarka. In unguwarku yashi ne, kamar yawancin lungunan Talladje ko Lazare, ka san ya fi kwalta cin ƙarfi, sha-raɓa za su gaya maka a makon farko. A bakin kwalta kuwa ka bi gefen da kake fuskantar motoci, in da duhu ka sa tufa mai haske.

Ka shirya wa gaisuwa ma. Ba za ka yi kwana uku ba sai wani ya taka birki kusa da kai:

“Alhaji, lafiya? Babur ɗin ne ya lalace? Hau in sauke ka.”

“Lafiya lau, ƙanena, likita ne ya ce in riƙa takawa. Allah ya saka.”

Da ka ambaci likita an bar ka. In ka ce sha'awa ce, sai ka yi bayani har rana ta fito.

Bazara: daga tsakiyar Maris zuwa saukar ruwa

Nan ne mutane suka fi watsar da shirin, don haka dokokinsa sun fi tsauri.

Ka fita da sallame asuba, ka komo kafin rana ta ɗaga. Daga ƙarfe tara zuwa bayan la'asar babu gudu, babu ƙwallo, babu “ai na saba”. In safiya ta kuɓuce maka, ka jira har gab da magariba, ko ka yi kason ranar wuya a inuwa.

Jiki na koyon zafi, amma yana buƙatar kwana 7 zuwa 14. A cikinsu gumi na fara zuwa da wuri, gishirin da ke fita a cikinsa na raguwa, bugun zuciya na daidaita. Saboda haka da zafi ya fara shigowa a Maris, ka rage sauri da nisa da kamar kashi ɗaya cikin uku, ka riƙa ƙarawa a hankali. Wanda ya dawo daga tafiya ƙasar sanyi, ko ya tashi daga jinya, shi ma daga ƙasa zai faro.

Mai aiki cikin zafi na iya zubar da lita guda ta gumi a awa ɗaya, wani ma fiye. Ka sha kofi ɗaya ko biyu kafin ka fita, ka riƙe rabin lita a hannu, ka ƙara in ka dawo. Fitsari ne ma'auninka: in ya yi fari-fari kana lafiya, in ya yi ja kamar shayin farko kana bin jikinka bashin ruwa. Ranar da gumi ya yi yawa har ka ga farin gishiri a wuyan riga, ka haɗa ruwan gishiri da sukari irin na asibiti: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Alamun da ke cewa tsaya: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, murɗewar tsoka, ko tsikar jiki ta tashi kana jin sanyi-sanyi cikin zafi. Ka nemi inuwa, ka zauna, ka jiƙa kai da wuya, ka sha ruwa kaɗan-kaɗan, tafiyar yau ta ƙare. In kuwa abokin tafiyarka ya fara surutai, ko ya rikice bai san inda yake ba, ko ya faɗi, wannan bugun zafi ne, yana kisa. A kwantar da shi a inuwa, a sassauta tufafinsa, a yi ta kwara masa ruwa ana fifita, a nemi asibiti nan take, kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki. Mai hawan jini, mai ciwon suga ko na zuciya, mai amosanin jini, da mace mai ciki, su fara ganin likita kafin su fara komai, musamman da yake wasu magungunan hawan jini na ƙara fitar da ruwa daga jiki.

Rubutun bazara kuwa da takarda ya fi. Lokacin ne aka fi ɗauke wuta, waya kuma in ta yi zafi sai ta rage haske ko ta ƙi caji, baturinta ba ya son abin da ya haura digiri 35. Kaye ba ya neman caji. Matsalarsa ɗaya ce, kuma duk wanda ya taɓa rubutu a Afrilu ya san ta: kana layi na huɗu gumi ya gangaro daga gwiwar hannu ya taru a gindin tafi, takarda ta jiƙe ta yi laushi, bik ya zo wurin ya ƙi kamawa, ka danna ya huda. Maganin ɗan ƙyalle ne ko hankici a ninke ƙarƙashin hannu, yana tafiya tare da hannun layi bayan layi. Ka fito waje ka zauna gindin bishiya ko a rumfa, ɗaki a wannan lokacin tanda ne. Kada ka ɗora wa kanka babban aiki a watannin nan biyu. Rabin shafi ya isa, kan da bai sami barci ba ba ya ɗaukar dogon tunani.

Barcin ma ka taimake shi. Zaman fada har ƙarfe ɗaya da shayi zagaye uku ba ya haɗuwa da fitar asuba. In ba ka iya barin fada, ka tsaya a kofin farko, ka tashi da wuri, ka rama da ƙailula bayan azahar.

Damana

Hadarin Yamai daga gabas yake tasowa, kuma sau da yawa cikin dare ko goshin asuba yake isowa, wato daidai lokacinka. Wani lokaci jan bango na ƙura ne ke riga ruwan zuwa. In ka hango shi, ko ka ji tsawa, ka koma. Kada ka fake gindin bishiya, kuma ka bar minti 30 bayan tsawar ƙarshe kafin ka fita.

Bayan ruwa, hanyarka ta rani wataƙila ta zama tafki. Don haka tun a Mayu ka nemi hanya ta biyu mai kwalta ko dandaɓe, a kan tudu. Ka nisanci kwarin Guntu Yena da duk wani magudanin ruwa, kada ka taka ruwan da ba ka ganin ƙasansa, ramuka da buɗaɗɗun kwatoci na ɓoye a ciki. Hanyar bakin kogi ma sai da lura: a Satumban 2020 da kuma damanar 2024 ruwa ya shiga unguwanni, musamman na Harobanda, kuma ko a shekarar da ba a yi ambaliya ba gefen na yin laka da santsi.

Ranar da aka wuni ana yi, kason ranar wuya na nan, zaure ko baranda sun ishe shi. Igiyar tsallake ma na aiki a ɗan wuri: minti ɗaya tsalle, minti ɗaya hutu, sau biyar. Kayen ka sa shi cikin leda, ɗaki mai yoyo ba ya sallama. Kuma daga Agusta zuwa Oktoba zazzaɓin cizon sauro ke tashe. Mai rubutu a waje da asuba ko bayan magariba ya rufe ƙafa da hannu. In zazzaɓi ya kama ka, babu kaso ko ɗaya na motsa jiki, gwaji da magani ne aikin ranar.

Hunturu

Shi ne lokacin da ya fi sauƙi, sai dai ƙura. Ranar da hazo ya sauko har ba ka hango ƙetaren kogi, ka bar gudu, domin mai gudu na zuƙar iska ninki-ninki ta baki. Ka yi tafiya a hankali da rawani ko takunkumi, mai asma kuwa ya yi nasa a ɗaki. Ka jinkirta fita har gari ya waye, ka fara da minti biyar na tafiyar sannu kafin ka ƙara sauri, tsoka mai sanyi saurin ciwo gare ta. Man kaɗe a diddige da leɓe da ɗan kaɗan a bakin hanci na rage faso da haɓo. Ka ci gaba da shan ruwa ko ba ka jin ƙishi, iskar busasshiya ce, tana shanye gumin tun ba ka gan shi ba. Daga wannan lokaci har zuwa saukar ruwa ne kuma ake fama da sanƙarau, zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya ba na jira ba ne.

Azumi

Yana matsowa baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara. A 2025 ya cika watan Maris, shekarun da ke biye yana gangarowa cikin sanyi, abin ya zo da sauƙi. A wannan wata kaɗai ka sauya wurin ratayar: tafiyar sannu ta minti 15 zuwa 20 gab da shan ruwa, ko cikakkiya bayan asham. Rubutu kuwa bayan sahur, kafin a kira salla, lokacin ciki ya ɗauka gida kuma shiru.

Na biyar, me za ka rubuta?

Farar takarda na tsorata wanda ya zauna yana jiran babban tunani. Kai da ka fito daga hanya ba ka da wannan matsala. Ka ɗauko abu biyu da ka gani da magana ɗaya da ka ji, ka sa kwanan wata a sama. Misali:

“Mai ƙosai ta bakin famfo ta sauya kasko, sabon ya fi faɗi, yau layin yara bai kai jiya ba. Raƙumi biyu ɗauke da tabarmi sun tare hanya, mai taksi na ta zagi da Zabarmanci, mai raƙuman ko waiwaye. Wani tsoho ya ce wa jikansa: taka a hankali, ƙasar ba gudu take ba.”

Layi uku ke nan, ka biya na yau. Sau da yawa na huɗu da na biyar na biyo baya da kansu. In kana da babban aiki, labari ko waƙa ko tarihin gidanku, ka fara da irin waɗannan layukan don hannu ya saki, sannan ka shiga cikinsa. In za ka tashi, ka tsaya a inda ka san abin da ke biye, ko da tsakiyar jimla ne, gobe ba sai ka yi neman bakin zare ba.

Kada ka gyara a ranar da ka rubuta. Ka ware rana ɗaya a mako, Juma'a da yamma ko Lahadi, ka karanta na kwana shida, ka ja layi ƙarƙashin abin da ya yi rai, ka kwafe shi a waya ko kwamfuta, ka tura wa kanka don kada ruwa ko gara su cinye. Harshe kuwa, wanda kake tunani da shi: Hausa, Zabarmanci, Faransanci, boko ko ajami. Mai rubuta Hausa a waya ya saka allon Hausa na Gboard don ya samu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Tunda dokar ƙasa ta Maris 2025 ta ayyana Hausa harshen ƙasa, masu iya rubuta ta daidai za su ƙara daraja, kuma hannu ba ya koyon ƙa'ida sai da maimaici.

Na shida, ka sa mutum ɗaya a ciki

Ɗaya, ba goma ba. Rukunin mutum ashirin a WhatsApp mako biyu yake yi ya koma wurin tura gaisuwar Juma'a. Ka nemi wanda zai tsaya a ƙofarka ya yi sallama, wanda za ka ji nauyin barinsa a tsaye.

Ƴan'uwa mata, na san fita da asuba ba kowace ke samun hali ba. Maƙwabta biyu ko uku na iya haɗuwa bayan yara sun tafi lakwal, a zaga unguwa ko a yi cikin gida mai faɗin tsakar gida. A bazara hijabi mai haske marar nauyi ya fi baƙi mai kauri. Daka da ɗibar ruwa da shara duk motsa jiki ne, kada wani ya ce miki ba ki yin komai. Abin da ya rage miki shi ne minti goma na zama da kaye, kuma wannan sai kin ƙwace shi, ba wanda zai miƙo miki.

Na bakwai, ranar da ka fasa

Za ta zo: rasuwa, tafiya, jinya. Phillippa Lally da abokan aikinta a wata jami'a ta Landan sun bi mutum 96 da ke ƙoƙarin kafa sabuwar ɗabi'a, sakamakon ya fito a 2009. Tsaka-tsakin lokacin da abu ya ɗauka kafin ya zama jiki kwana 66 ne, amma wani 18 ya ishe shi, wani kuwa lissafi ya nuna sai ya kai 254. Sun kuma ga fashin rana ɗaya bai rushe ginin ba. Don haka ka manta da zancen kwana 21 da ake yawo da shi. Ka fasa yau, gobe ka yi kason ranar wuya, kada ka ce za ka rama ninki biyu. Fashi biyu a jere shi ne abin gudu.

A bangon bayan kaye ka zana gidaje, kowace rana ka sa 1, 2 ko 3 gwargwadon kason da ka yi, ranar fashi ka bar gidan fayau. In ka ga 3 ta yi mako guda a jere, shirin ne bai dace da lokacin ba, sai a sake yanka shi.

Sake yankan kuwa sau huɗu ne a shekara, kuma kafin lokacin ya shigo ake yinsa. A farkon Maris ka rage nisa, ka matso da fita jikin asuba, ka nemi gora da inuwar da za ka riƙa zama. A ƙarshen Mayu ka taka hanyar tudu ka auna ta, ka sayi igiya da leda, ka duba gidan sauro. A ƙarshen Satumba ka koma dokokin bazara na wata guda saboda agazari. A tsakiyar Nuwamba ka fito da rawani da man kaɗe, ka jinkirta fita da rabin awa, ka ƙara nisa in gwiwa ta yarda, sannan ka tattaro kayen da ka cika tun bazara. Dare ya yi tsawo, ɗaki na zaunuwa, wuta ta fi tsayawa, watanni ukun nan su ne na kwafewa da gyara da dogon rubutu.